Kififiya a Kan Tudu: Mai Cizo ce ko Mai Neman Hanya?

Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin da suka ratsa fadamun Kebbe da Kuchi a farkon damina, ko ya yi sammakon zuwa gona a ƙasar Tambuwal bayan an kwana ana ruwa, da wuya a ce bai taɓa cin karo da wata halitta mai faɗin faifai tana jan jiki a kan tudu ba, nesa da ruwan da aka san ta da shi. Galibi yara ne kan fara ganinta. Kafin a ce kwabo sun kewaye ta, wannan da sanda, wancan da hoge. Da zarar an zungure ta sai ta yi huci, ta miƙo wuya da sauri irin na walƙiya, ta cafke sandar. Nan take sai a yanke mata hukunci: muguwa ce. Kafin manya su iso an farfasa mata baya, sau da yawa ma ba don a ci namanta ba, sai don kawai ta yi cizo.

Wannan hukunci akwai zalunci a cikinsa, akwai kuma hasara wadda ba a ganinta nan da nan. Kififiyar da aka tarar a kan tudu ba farautar mutum ta fito ba. Tana cikin lokacin da ta fi kowane lokaci rauni a rayuwarta, kuma cizon da take yi shi ne abu na ƙarshe da ya rage mata. Bugu da ƙari, ilmin halittu ya nuna cewa kashe babbar kififiya hasara ce da zuriyarta ba ta saurin mayarwa. Waɗannan abubuwa biyu su ne ya kamata ɗalibi da malaminsa su riƙe.

Kunkuru mai cafka na Amurka

Ya dace a fara da gyara wani kuskure da ya shigo tare da wayar hannu. Ɗalibai da yawa a yau sun ga hotuna masu motsi na wani kunkurun ruwa mai ƙaton kai da doguwar wutsiya mai zarto-zarto kamar ta kada, yana datse sanda ko kankana da bakinsa, har suna ɗauka irinsa ne ke cikin Gulbin Zamfara. Ba shi ba ne. Wancan kunkuru, wanda mutanen ƙasarsa ke kira da sunan da ke nufin mai cafka, ba ya rayuwa a ko'ina cikin dazuzzuka da kogunan Afirka. Mazauninsa Amurka ta Arewa, tun daga kudancin Kanada har zuwa Fulorida. Masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Linnaeus, shi ne ya raɗa masa sunan kimiyya a shekarar 1758, kuma a yau ana kiransa Chelydra serpentina. Babba daga cikinsu kan kai nauyin kilo 5 zuwa 16. Yana da wani ɗan'uwa a kogunan kudancin ƙasar Amurka wanda zai iya zarce kilo 70, mai wata tsoka ja a kan harshe wadda ta yi kama da tana. Sai ya kwanta a ƙarƙashin ruwa ya wangale baki yana motsa ta, kifi ya zo cin tana ya zama abinci.

To, me ya sa za a ɓata lokaci a kan dabbar da ba tamu ba? Dalili shi ne an daɗe ana nazarinta fiye da yawancin danginta, kuma abin da aka gano game da ita ya haska mana namu na gida.

Abu na farko da aka lura da shi shi ne halinta iri biyu ne. A cikin ruwa, idan mutum ya kusance ta, sai ta sulale ta ba shi wuri, ko ta nutse cikin laka. A kan tudu ne take zama mafaɗaciya. Sirrin yana ga ƙirar jikinta. Kunkurun tudu da aka saba gani a gidaje yana da cikakken sulke sama da ƙasa. In ya ji tsoro sai ya janye kai da ƙafafu ya yi lamo, ya bar mai tsokana da ƙoƙo. Shi kuwa mai cafka, allon da ke rufe cikinsa ƙarami ne ƙwarai, ba ya iya ɓoye kansa da gaɓoɓinsa gaba ɗaya. Ga shi a tudu ba shi da gudu. Wanda ba shi da ɗakin ɓuya, ba shi kuma da ƙafar tsira, me ya rage masa in ba baki ba?

Mutanen karkarar Amurka suna da camfin cewa in ya kama mutum ba ya saki sai an yi tsawa. Wannan zance ne kawai. Da masana suka auna ƙarfin muƙamuƙinsa sun tarar bai kai ƙarfin turamen haƙoran babban mutum ba. Abin da ke sa cizonsa ya yi ɓarna shi ne kaifin bakin, domin duk dangin kunkuru ba su da haƙora, sai wani baki mai tauri da kaifi irin na shaho, da kuma saurin da yake kai cafka.

Namu na gida

A ruwayen da ke malala zuwa Kogin Kwara, waɗanda Gulbin Zamfara da Gulbin Sakkwato ke cikinsu, wadda ta fi kusa da mai cafka wajen hali ita ce babbar kififiya mai taushin baya, Trionyx triunguis. Sunan yana nuni ne ga farata uku da take da su a kowace ƙafa. Bayanta ba ƙoƙo ne mai tauri ba, fata ce mai santsi a shimfiɗe kan ƙashi, gefenta kuma yana lanƙwasuwa. Tana iya kusantar mita guda a tsawo. Hancinta siriri ne kamar bututu, saboda haka takan binne jikinta cikin yashi a ruwa marar zurfi, ta miƙo hancin kawai ta shaƙi iska. Wani abin mamaki kuma, tana iya tsotsar iskar da ke narke cikin ruwa ta fatar maƙogwaronta, abin da ke ba ta damar daɗewa a nutse. Wuyanta dogo ne har yana iya lanƙwasowa ya kai wajen tsakiyar bayanta. Masuntan da suka san ta ba su wasa da wannan wuya.

Akwai ƙaramarta, Cyclanorbis senegalensis, wadda ta fi son tafkuna da kududdufan da ke cika da damina su ƙafe da rani. Ita tana da wasu marafai na fata a ƙarƙashinta da take rufe ƙafafun baya da su. Sai kuma ƙaramin kunkurun kududdufi na dangin Pelomedusa, wanda bai cika wuce tsawon tafin hannu da yatsu ba, mai naɗe wuyansa a gefe maimakon ya janye shi ciki, mai kuma sakin wani ruwa mai ɗoyi idan an ɗauke shi. Wannan na ƙarshe shi ne yara suka fi tsinta.

Waɗannan biyun na baya suna da dabara irin ta gaiwa. Idan ruwa ya janye, sai su shige cikin laka su yi kwanton rani, numfashi da bugun zuciya su ragu, su jira wata da watanni. Wannan ne ya sa masu haƙar ƙasar tubali a busasshen tafki kan tono su a wasu lokuta. Da ruwan farko ya sauka sai su farfaɗo, su fito da yunwa, su kama hanyar neman ruwa mai abinci. Manomin da ya ga kunkuru a tsakiyar gonarsa washegarin ruwan shuka, ba daga sama ya faɗo ba. A ƙarƙashin ƙasar yake tun kaka.

Dalili na biyu da ke fito da su tudu ya fi na farko muhimmanci. Kusan duk dangin kunkuru, har da waɗanda ke rayuwa cikin teku, a kan tudu suke yin ƙwai. Babbar kififiya mai taushin baya ba ta cika yin nisa da ruwa ba, in ban da shan hantsi a bakin gaɓa. Saboda haka idan an tarar da ƙatuwa a kan tarin yashi, ta bar ruwa a bayanta, mafi yawan lokuta mace ce da ciki cike da ƙwai, tana neman inda za ta tona rami da ƙafafunta na baya ta zuba su ta rufe. Wanda ya kashe ta a wannan hali ba rai guda ya kashe ba.

Lissafin da ba a yi

A nan ne maganar take da nauyi, kuma a nan ne nazarin da aka yi a ƙasashen waje ya zama abin amfani.

Kifi irin su karfasa kan balaga cikin shekara guda ko ƙasa da haka, su hayayyafa da yawa. In an kwashe su bana, baɗi tafki ya mayar. Tsarin rayuwar kunkuru ya saɓa wa wannan. Uwa takan zuba ƙwai masu yawa, amma mafi yawansu ba su kai labari. Guza yana tone ramin, haka tunku da karnuka. 'Ya'yan da suka ƙyanƙyashe, waɗanda ba su fi girman kwabo ba, shirwa da hankaka da zalɓe na jiransu a hanya, manyan tarwaɗa kuma na jiransu cikin ruwa. Kaɗan ne ƙwarai ke kai girma. Abin da ke riƙe da zuriyar shi ne wadda ta tsallake waɗannan haɗurra ta girma, ba ta da sauran abokan gaba da yawa, sai ta yi shekaru masu yawa tana ƙwai kowace shekara, har a dace wasu daga cikin 'ya'yanta su maye gurbinta. Wato jarin zuriyar duka yana jikin manyan mata ne. Ana iya kwatanta ƙwan da ribar kasuwa, uwar kuma da uwar kuɗi. Ɗan kasuwa na iya jure hasarar riba shekara da shekaru, amma ranar da ya fara cin uwar kuɗi, rufe shago ya kusa.

A jihar Mishigan ta Amurka, wani masani mai suna Justin Congdon da abokan aikinsa sun bi rayuwar kunkuru mai cafka na tsawon shekaru, suka buga sakamakon a 1994. Sun tarar macen ba ta fara ƙwai sai ta kai shekara 11 zuwa 16. Lissafinsu ya nuna cewa idan mutuwar manya ta ƙaru da kashi 10 cikin 100 a kowace shekara, yawansu zai ragu da rabi cikin ƙasa da shekara 20. A gandun dajin Algonkwin da ke lardin Ontariyo na Kanada kuwa, abin ya faru a zahiri. A ƙarshen shekarun 1980 karnukan ruwa suka far wa manyan kunkuru a wani tafki lokacin da suke kwance cikin sanyin hunturu, suka kashe kusan rabinsu. Masana suka ci gaba da ƙidaya. Rahoton da aka buga a 2018 ya nuna cewa bayan fiye da shekara 20, a cikin gandun da ba a farauta, yawansu bai dawo yadda yake ba. Irin wannan shaida na cikin abin da ya sa lardin Ontariyo ya haramta farautar wannan kunkuru a 2017.

Mai karatu na iya cewa Kanada ƙasar ƙanƙara ce, Kebbe kuwa ƙasar rana. Gaskiya ne, zafi kan sa irin waɗannan dabbobi su fi saurin girma, don haka ba za a ɗauko alƙaluman can a ɗora wa tafkin Romo ba. Amma tsarin ɗaya ne: jinkirin balaga, mutuwar ƙanana da yawa, da dogaro ga tsawon ran manya. Alamun kuma sun riga sun bayyana a nahiyarmu. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sanya babbar kififiya mai taushin baya da ƙaramarta ta tafkuna cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana. Akwai ta uku, Cyclanorbis elegans, ƙatuwa ce wadda a da aka san ta a manyan kogunan Gana da Togo da Nijeriya har zuwa Sudan. An yi shekaru da dama masana ba su sa ta a ido ba a daji, sai a 2017 aka sake gano ta a Kogin Nilu cikin Sudan ta Kudu. Dabba ce mai girman tabarmar salla ta yaro, amma ta ɓace daga mafi yawan mazauninta ba tare da an yi shela ba. Haka ɓacewar dangin kunkuru take. Tun da manya suna daɗewa, mutane za su ci gaba da ganin ɗaya-ɗaya shekara da shekaru, suna zaton komai lafiya, alhali babu matasan da ke tasowa a bayansu.

Ƙorafin masunci

Ba daidai ba ne a yi wannan magana kamar masunci ba shi da hujja. Yana da ita. Kififiya takan cinye kifin da ya kamu a mamari kafin mai shi ya zo dubawa da asuba, takan yaga kalli, ta shiga gura ta yi ɓarna. Namanta kuma abinci ne ga masu ci, ƙoƙon kunkuru ma ana ganinsa a shimfiɗar masu sayar da magungunan gargajiya a kasuwanni. Mutumin da iyalinsa ke jiran abin da zai fito da shi daga ruwa, ba za a zo masa da labarin Kanada a ce ya saki nama ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin wadda ta faɗa wa masunci a cikin sana'arsa da wadda yara suka jefe a kan hanya don nishaɗi. Ta biyun ba ta da wani uzuri ko kaɗan, kuma ita ce makaranta ke da ikon hanawa. Ta farkon kuwa, Sarkawa da sauran masu sana'ar ruwa sun riga kowa sanin hikimar hutar da ruwa. Al'adar hana su a wani tafki har sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, wadda bikin kamun kifi na Argungu ya sa duniya ta sani, ba komai ba ce illa kiyaye uwar kuɗi. Abin da ake nema ƙari ne kaɗan a kan wannan tsohuwar doka: a ƙyale macen da aka tarar a kan yashi, kada a tone ramin ƙwai, a kuma saki ƙanana da suka shiga taru. Ita ma kififiyar tana biyan haraji, domin tana cinye mushen kifi da na dabbobin da ke ruɓewa cikin ruwa, tana kuma cin dodon koɗi da ƙwari.

Ambaton dodon koɗi ya kawo wata magana. Yaron da ke gudun kififiya, shi ne kuma ke wuni yana iyo a kududdufi. Ƙananan dodon koɗin da ke manne a ciyawar wannan ruwa su ne ke ɗauke da tsutsar da ke huda fata ta haddasa tsargiya, wato fitsarin jini. Yaran da tsargiya ta kama a ƙauyukan bakin fadama sun ninka waɗanda kififiya ta taɓa ciza nesa ba kusa ba. An ajiye tsoro a inda bai kamata ba.

Idan an haɗu

Masu iya magana sun ce kunkuru shi ya san makamar matarsa. Wanda bai san makama ba, abin da ya fi masa shi ne kada ya kama. Taku uku ko huɗu a baya sun isa. Kififiya ba ta bin mutum, kuma da ta ga hanya za ta wuce. Idan a kan titi aka same ta, kamar babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal zuwa Jega, ana iya tura ta a hankali kan shebur ko cikin kwando a tsallakar da ita, amma zuwa ɓangaren da ta dosa. In an mayar da ita inda ta fito, za ta sake hawowa titin ne bayan an tafi. Ba a ɗaga ta ta wutsiya ko ta ƙafa guda, domin nauyin jikinta na iya gurɗa mata ƙashin baya. Ba a kuma kai hannu ko'ina a rabin jikinta na gaba.

In tsautsayi ya sa ta kama yatsa, fizga ita ce babban kuskure, don ita ke yaga nama. A tsoma ta cikin ruwa, ko a ajiye ta ƙasa a daina motsi. Da ta ji hanyar tsira za ta saki. Ba ta da dafi. A wanke ciwon sosai da sabulu da ruwa mai tsabta, kada a cusa masa toka ko ƙasa, sannan a je asibiti a duba ko ana bukatar ɗinki da allurar tetanus. Ko ba a yi cizo ba, duk wanda ya taɓa kunkuru ya wanke hannu kafin ya ci abinci, saboda jikinsu kan ɗauki ƙwayar salmonela mai sa gudawa da zazzaɓi. Wannan ne dalilin da ya sa tun 1975 Amurka ta hana sayar da 'yan ƙananan kunkuru waɗanda ba su kai santimita 10 ba, bayan an lura yara na kamuwa da cutar daga gare su. Iyayen da ke barin jariri yana wasa da kunkurun gida su lura da wannan.

Sauran aikin na malaman kimiyya ne. Abin takaici ne a ce ɗalibi a Dogon Daji ko Sanyinna ko Jabo zai iya zana ƙwarangwal ɗin zomo daga littafi, amma bai taɓa duban halittar da ke bayan makarantarsu da idon nazari ba. Ba a bukatar ɗakin gwaje-gwaje ko kuɗin gwamnati. Littafin rubutu guda ya isa, a ajiye shi a ofishin malamin bayoloji. Duk ɗalibin da ya ga kififiya ko kunkuru ya zo ya rubuta ranar da wurin, ko an yi ruwa a daren, ko bayanta mai taushi ne ko mai tauri, ko tana janye wuya ciki ko tana naɗe shi a gefe, da kimanin girmanta in an kwatanta da takalmi ko faifai, sai hoto daga nesa in akwai waya. A aika wasu ɗaliban wurin tsofaffin masunta su tambayo sunayen da suke kiran kowace iri da su, da watan da suka saba ganin ƙwai, da kuma ko girman waɗanda ake kamawa yanzu ya kai na zamanin ƙuruciyarsu, kafin farin 1973 da na 1984 da yawaitar injinan ban-ruwa a fadama. Idan makarantu biyar a ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe suka riƙe irin wannan littafi damina biyar a jere, sashen nazarin halittu na Jami'ar Usmanu Danfodiyo zai sami abin da zai ɗora bincike a kai, da sunayen ɗaliban da suka tattara shi a shafin farko.